DALLA-DALLA: Yadda ake saita lokutan shekara da maimaicin tafiya a manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama

A ranar 18 ga Agusta, 2020, kamfanin Microsoft ya fitar da sabuwar manhajarsa ta kwaikwayon tuƙin jirgin sama, wadda kamfanin Asobo na birnin Bodo da ke Faransa ya ƙera. An yi ta kambama ta saboda ta ɗauko duniya sukutum daga hotunan tauraron ɗan'adam, da filayen jirgi kusan 37,000. Sai dai ba a daɗe ba masu amfani da ita suka fara ƙorafi a kan abu biyu. Na farko, itatuwa na nan kore shar a kowane wata, ko da an saita tsakiyar sanyin Turai. Na biyu, babu hanyar da matuƙi zai koma baya ya sake kallon saukar da ya yi. Dukkan abubuwan biyu kuwa akwai su a tsohuwar manhajar kamfanin ta 2006.

Ga wanda bai saba ba, wannan ƙorafi zai yi kama da na 'yan wasa masu neman ƙawa. Amma lokacin shekara shi ke tantance nisan da matuƙi zai iya hangowa, da tsawon titin da jirgi ke buƙata kafin ya ɗaga. Maimaici kuma shi ne hanyar da ake gane kuskure a gyara shi, kuma da shi ake haɗa bidiyoyin da wasu lokuta ke yawo a Facebook da WhatsApp da sunan hatsarin gaske. Wannan bayani zai bi abubuwan biyu ɗaya bayan ɗaya.

Manhajojin da ake magana a kansu

Kwaikwayon tuƙi ya girmi kwamfuta. Tun a 1929 Ba'amurke Edwin Link ya ƙera wani akwati mai motsi da ake koya wa matuƙa tuƙi a cikinsa ba tare da sun bar ƙasa ba. Wanda ya kawo abin cikin gidajen mutane shi ne Bruce Artwick, wanda manhajarsa ta zama Microsoft Flight Simulator a 1982. Fitowar 2003 ta zo daidai da cika shekara 100 da tashin 'yan'uwan Wright, sannan aka fitar da FSX a 2006. A 2009 Microsoft ya rufe sashen da ke wannan aiki, kamfanin ƙera makamai na Lockheed Martin ya ɗauki tushen manhajar ya gina Prepar3D a kansa. Bayan dawowar 2020, an sake fitar da wata a ranar 19 ga Nuwamba, 2024.

Babbar kishiyarta ita ce X-Plane ta kamfanin Laminar Research, wadda Austin Meyer ya fara fitarwa a 1995, kuma ta 12 ta fito a Disambar 2022. Akwai kuma FlightGear, wadda 'yan sa-kai ke ginawa tun ƙarshen shekarun 1990, kyauta ce, kuma kowa na iya duba yadda aka rubuta ta. Wurin da maɓalli yake yana sauyawa daga wannan fitowa zuwa waccan, amma ƙa'idar aikin ɗaya ce a dukkansu.

Abu uku da ake yawan cakuɗawa

Mafi yawan rikicin da sababbin masu amfani ke shiga ya samo asali ne daga ɗaukar abu uku a matsayin abu ɗaya.

Na farko shi ne kwanan wata da agogo. Su ke tantance inda rana take a sama, da tsawon yini, da tsawon inuwa. Duniya a karkace take da kimanin digiri 23.4, shi ya sa lokutan shekara ke juyawa tsakanin arewa da kudu: Janairu sanyi ne a Landan, zafi ne a Johanasbag. A Landan yini bai cika sa'a 8 ba a ƙarshen Disamba, yana wuce sa'a 16 a Yuni. A Kano kuwa bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai sa'a biyu ba.

Na biyu shi ne yanayin sama: zafi, iska, gajimare, ruwa da nisan hangowa. Ko dai mutum ya saita da hannunsa, ko ya bar manhaja ta ɗauko yanayin da ake ciki yanzu ta intanet. Manhajar Microsoft ta 2020 tana samun nata daga kamfanin Meteoblue na Suwizalan, tare da rahotannin filayen jirgi. Shi ya sa a Agustan 2020, lokacin da guguwar Laura ta afka wa gaɓar kudancin Amurka, mutane da dama suka tuƙa jiragensu na kwamfuta cikinta don su ga yadda take.

Na uku shi ne kamannin ƙasa: launin ciyawa, ganyen itatuwa, dusar ƙanƙara.

Kowanne daga cikin ukun da nasa wurin saiti, kuma ba dole ba ne su yi daidai da juna. Idan mutum ya mayar da kwanan wata zuwa Janairu alhali ana cikin Agusta, ya kuma bar yanayin sama a kan na yanzu, zai samu ranar Janairu da hadarin Agusta a sama guda. Manhaja ba ta lalace ba. Abin da aka ce ta yi ta yi. Mai son yanayin wata rana da ta wuce sai ya saita da hannu, ko ya nemi ƙarin manhaja irin Active Sky wadda ke adana yanayin kwanakin baya.

Yadda ake sauya launin ƙasa

Tsohuwar hanya, wadda FSX da Prepar3D ke bi, ita ce ta shimfiɗa. An raba duniya gida-gida, an ba kowane gida nau'insa: gona, daji, birni, hamada. Kowane nau'i yana da hotuna biyar, huɗu na lokutan shekarar Turai da na biyar na tsananin sanyi mai dusar ƙanƙara, sannan da wani na fitilun dare. Ana gane su daga haruffan da ke cikin sunan fayil: sp, su, fa, wi, hw da lm. Wani fayil mai suna seasons.bgl ne ke faɗa wa manhaja lokacin da ya dace da kowane yanki a kowane wata. Amfanin wannan hanya shi ne ƙasa tana sauyawa da kanta. Illarta kuma ita ce gonar da ake gani ba gonar wurin ba ce, hoto ɗaya ne ake ta maimaitawa.

Hanya ta biyu ita ce hoton gaske daga sama. Manhajar 2020 tana jawo hotunan Bing Maps, tarin bayanai da ya kai kimanin fetabayit 2, wato gigabayit miliyan biyu. Masu X-Plane na yin irin haka da wata manhaja ta kyauta mai suna Ortho4XP. A nan kowane lungu yana wurinsa, amma hoton rana ɗaya aka ɗauke shi. Idan tauraro ya ɗauki wani yanki a Satumba, yankin zai zauna kore har abada; idan a Maris aka ɗauka, zai zauna a bushe. Wani lokaci ma ana ganin layi ya raba ƙasa biyu, gefe kore gefe ja, saboda an haɗa hotunan watanni daban-daban. Abin da manhajar 2020 ta iya yi shi ne shimfiɗa dusar ƙanƙara a kan hoton. Sauya launin itatuwa kuwa sai da ƙarin manhajoji na sayarwa irin su REX AccuSeason.

Hanya ta uku, wadda X-Plane 12 da manhajar Microsoft ta 2024 suka kama, ita ce a bar manhaja ta lissafa. Tana duba kwanan wata da wurin da jirgi yake, ta sauya launin ganye ko ta zubar da shi. A X-Plane 12 ruwa na taruwa a kan titin jirgi, dusar ƙanƙara na kwanciya, kuma hakan na shafar birki. FlightGear ma tana barin mutum ya zaɓi tsayin da dusar ƙanƙara za ta fara, da yawan ƙura ko damshin da ke kan ƙasa.

Lokutan Turai huɗu, namu huɗu

Inda mai karatu na wannan yanki zai fara ganin giɓi shi ne a tsarin lokutan kansa. Masu ƙera waɗannan manhajoji sun gina su ne a kan shekarar Turai da Arewacin Amurka, inda sanyi da zafi ke juya komai: ganye ya tsiro, ya yi kore, ya yi ja, ya zube. A ƙasar Hausa ruwa ne ke juya shekara. Akwai bazara mai tsananin zafi, damina, kaka lokacin girbi, sai rani wanda hunturu ke buɗe shi. Suna huɗu ne kamar na Turai, amma ba su zo ɗaya ba. A Afrilu, lokacin da Turai ke fara yin kore, Kano da Maraɗi na kan ganiyar bushewa.

Itatuwa ma kowanne da halinsa. Kuka na zubar da ganye da rani. Darbejiya na nan kore kusan duk shekara. Gawo kuwa akasin kowa yake yi: yana kaɗe ganyensa da damina, ya yi kore da rani. Manhajar da ke da doka ɗaya ga dukkan itatuwan da ke zubar da ganye ba za ta iya nuna gonar da ke da kuka da gawo a tsaye tare ba.

Saboda haka mai son kwaikwayon tafiya a arewacin Najeriya ko kudancin Nijar ba zai dogara da launin ƙasa ba. Ƙoƙarinsa ya fi amfani a wurin saita yanayin sama, domin a nan ne lokutan wannan yanki ke taɓa jirgi.

Saita hunturu, bazara da damina

Hunturu. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas na kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke Chadi. Sama babu gajimare, amma ido ba ya cin nisa. A rahoton yanayi na filin jirgi, wanda ake kira METAR kuma hukumar NiMet ke fitarwa a Najeriya, ana rubuta hazo da HZ, ƙura da DU, nisan hangowa kuma da mita. Lambar 9999 na nufin kilomita 10 ko fiye. 0800 na nufin mita 800. Don kwaikwayon hunturu, a cire gajimare, a sa iska daga arewa maso gabas, a rage nisan hangowa zuwa mita 1,500 ko ƙasa da haka. FSX da X-Plane na barin a rubuta nisan kai tsaye. Manhajar 2020 kuwa ta fito da ma'aunin kaurin ɓurɓushin da ke cikin iska, wanda ake ja har hazo ya yi kauri. Ƙa'idar gama-gari ta tuƙi da ido a ƙasa da ƙafa 10,000 tana buƙatar hangen kilomita 5. Saukar da na'urar ILS mai daraja ta ɗaya ke jagoranta tana buƙatar hangen mita 550 a kan titi, kuma dole matuƙi ya ga titin kafin ya sauko ƙasa da ƙafa 200. Duk wanda ya gwada sauka a filin Malam Aminu Kano, mai lamba DNKN, da hangen mita 600 zai fahimci abin da ke sa a jinkirta ko a soke tashin jirage a Disamba da Janairu, da kuma abin da ya sa ingancin na'urorin saukar jirgi a filayenmu tambaya ce da ta dace a yi wa hukumomi.

Bazara. Iska mai zafi ba ta da kauri, don haka fiffike ba ya samun abin dafawa sosai, injin ma ƙarfinsa na raguwa. Ma'aunin da duniya ta amince da shi shi ne digiri 15 a gaɓar teku, yana raguwa da kimanin digiri 2 a kowace ƙafa 1,000. Filin jirgin Kano yana kan tsayin kimanin ƙafa 1,560, don haka ma'auninsa kusan digiri 12 ne. Matuƙa na lissafin cewa kowane digiri ɗaya da ya ɗara ma'auni tamkar an ɗaga filin ne da ƙafa 120. A ranar Afrilu mai digiri 40, rarar ta zama digiri 28. Idan aka ninka da 120 an samu ƙafa 3,360. Jirgi zai ji kamar yana tashi ne daga tsayin ƙafa 4,900, wato sama da tsayin filin jirgin Jos, wanda ya ɗan haura ƙafa 4,200. Da asubar Janairu mai digiri 13 kuwa wannan ƙari kusan babu shi. A gwada tashi da jirgi ɗaya, kaya ɗaya, a yanayin biyu, a kwatanta wurin da tayoyi suka bar ƙasa. Akwai tarko ɗaya a nan: manhajar 2020 tana neman zafin gaɓar teku ne, don haka mai son digiri 40 a Kano sai ya rubuta kimanin 43.

Damina. Hadarin wannan yanki na tasowa daga gabas, iska mai ƙarfi na gabansa. METAR na rubuta tsawa da TS, ruwa da RA. Abin tsoro a nan shi ne iskar da ke sauya ƙarfi ko alkibla farat ɗaya kusa da ƙasa. A ranar 29 ga Oktoba, 2006, jirgin ADC ƙirar Boeing 737 ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Abuja zuwa Sakkwato, mutum 96 suka rasu, ciki har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Rahoton bincike ya ɗora alhakin a kan tashi cikin mummunan yanayi da rashin bin matakan kuɓuta daga irin wannan iska yadda ya kamata. A manhaja ana kwaikwayon haka ta hanyar sa iska hawa-hawa, kowane hawa da ƙarfinsa da alkiblarsa. Jiƙaƙƙen titi ma na ƙara nisan tsayawa. Tun Nuwambar 2021 hukumar ICAO ta sa filayen jirgi na duniya bayyana halin titi da lamba daga 6, busasshe, zuwa 0, mafi santsi.

Mene ne maimaici

Maimaici ba bidiyo ba ne, kuma wannan bambanci shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya. Bidiyo, irin wanda ake ɗauka da OBS Studio, yana adana abin da allo ya nuna, daga kusurwar da aka kalla, shi ke nan. Maimaici kuwa lambobi yake adanawa sau da yawa a cikin daƙiƙa: wurin da jirgi yake, tsayinsa, gudunsa, karkatarsa, matsayin tayoyi da na faifan fiffike. Idan aka kunna, manhaja na sake zana tafiyar daga waɗannan lambobi. Shi ya sa ake iya tsayar da shi, a rage gudunsa, a kalla daga hasumiya, daga bakin titi ko daga kujerar fasinja. Shi ya sa kuma fayil ɗinsa bai kai na bidiyo nauyi ba.

Dabarar ɗaya ce da ta baƙin akwati, wanda masanin Ostireliya David Warren ya ƙirƙiro irinsa a shekarun 1950. Na manyan jiragen yau yana adana sa'a 25 na bayanai, kuma dokar Amurka ta tanadi aƙalla ma'aunai 88 ga sababbin jirage. Tun 2005 ICAO ta wajabta wa masu jiragen da suka wuce kilo 27,000 su riƙa nazarin bayanan tafiyarsu a kai a kai, bisa sharaɗin cewa don gyara ake yi, ba don hukunta matuƙi ba.

A FSX maimaici na ƙarƙashin jerin zaɓuɓɓuka, inda ake faɗar daƙiƙa nawa za a koma baya. Akwai kuma wurin ɗaukar tafiya gaba ɗaya, da taswirar nazari mai nuna hanyar da aka bi da hawa da sauka. A X-Plane ana danna Alt da R, a FlightGear Ctrl da R. X-Plane na kuma karɓar fayil mai ƙarshen .fdr, wanda ke ba da damar shigar da bayanan jirgin gaske a kalli tafiyarsa. Manhajar 2020 ta samu maimaici na gwaji a Nuwambar 2021, a ɓoye cikin sashen masu ƙera ƙari, shi ya sa da yawa suka koma ga Sky Dolly da Flight Recorder na kyauta, ko FlightControlReplay na sayarwa.

Abu uku ke yawan ɓata maimaici. Wanda ke cikin manhaja kan riƙe tafiyar ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi, don haka idan aka rufe ko aka sauya jirgi ba a adana ba, ya tafi. Jiragen ƙari masu sarƙaƙiya na da na'urorinsu da manhaja ba ta ɗauka, sai a ga allon matuƙi bai dace da abin da ya faru ba. Sannan idan aka sauya shimfiɗar ƙasa tsakanin ɗauka da kunnawa, tsayin titi na iya bambanta, jirgi ya nutse cikin kwalta ko ya yi ta lilo a samanta. Maganin na ukun shi ne a kunna maimaici da irin ƙarin da aka ɗauke shi da su.

Abin da ake dubawa

Mai koyo ya fi cin riba idan ya shiga maimaici da tambaya a hannu. Hanyar sauka ta yau da kullum tana da gangaren digiri 3. Lissafinta mai sauƙi ne: a ninka gudun jirgi a ƙasa da 5, a samu ƙafar da ya kamata ya riƙa saukowa a minti. Babban jirgi mai gudun mil na teku 140 a sa'a zai sauko ƙafa 700 a minti. Ƙaramar Cessna 172 mai gudun 65 kuwa kimanin 325. Kamfanonin jirage na buƙatar jirgi ya daidaita, ta fuskar gudu da alkibla da gangare, kafin ƙafa 1,000 a cikin gajimare ko ƙafa 500 idan ana ganin titi. Idan bai daidaita ba, sai a fasa saukar a sake zagayowa.

A tsayar da maimaici a waɗannan wurare biyu a karanta ma'aunai. Sannan a duba inda tayoyi suka taɓa, da ko jirgin na kan layin tsakiya. Sabon shiga kan yi alfahari da sauka mai laushi, alhali sauka mai laushi da ta cinye rabin titi ta fi mai ɗan ƙarfi a wurin da ya dace hatsari, musamman a jiƙe.

Iyakar abin da maimaici ke iya tabbatarwa

A ranar 15 ga Janairu, 2009, jirgin US Airways ya rasa ƙarfin injinansa biyu bayan karo da tsuntsaye, Kyaftin Chesley Sullenberger ya saukar da shi a kogin Hudson, mutum 155 da ke ciki duka suka tsira. Hukumar bincike ta Amurka ta sa an sake tafiyar a na'urar Airbus da ke Tulus. A gwaji 15 da matuƙa suka juya nan take, 8 sun kai filin jirgi. Da aka ƙara daƙiƙa 35, lokacin da ɗan'adam ke buƙata ya gane abin da ya same shi ya yanke shawara, jirgin bai kai ba. Wanda ke kwaikwayo ya san abin da zai faru. Wanda abin ya samu bai sani ba.

Jirgin Maleshiya mai lamba MH370 ya ɓace a ranar 8 ga Maris, 2014 da mutum 239. Masu bincike sun farfaɗo da bayanai daga kwamfutar kwaikwayo ta gidan kyaftin ɗin, suka samu wurare shida da, idan aka haɗa su, suke nuna tafiya zuwa kudancin tekun Indiya. Hukumar binciken Ostireliya ta tabbatar da samuwar bayanan. Rahoton Maleshiya na 2018 kuma ya ce bai ga wani abu da ya saɓa wa al'ada a amfani da na'urar ba. Fayil ya nuna inda jirgin kwamfuta ya kasance, amma bai faɗi abin da ke zuciyar mai shi ba, kuma shekara goma suka shuɗe ana muhawara a kai.

Lokacin da maimaici ya zama labarin ƙarya

Tun da manhaja ce ke sake zana tafiyar, wanda ya ɗauki maimaici na iya sauya masa lokaci, yanayi, launin jirgi da kusurwar kyamara, sannan ya ɗauke shi a bidiyo. A Fabrairun 2022 wani bidiyon jirgin yaƙi na harbo wani ya bazu da sunan gwarzon matuƙin Yukiren da ake wa laƙabi da Fatalwar Kiyef. An haɗa shi ne a manhajar DCS World, kuma wanda ya haɗa ya rubuta haka, amma masu yaɗawa suka yar da bayanin. A ƙarshen Afrilu rundunar saman Yukiren ta ce babu wani mutum ɗaya mai wannan suna. A Nuwambar 2017 ma'aikatar tsaron Rasha ta wallafa hoton da ta ce hujja ce cewa Amurka na taimakon ISIS, aka gano daga wasan waya aka ciro shi. A Maris ɗin 2022, bayan faɗuwar jirgin China Eastern, an yaɗa bidiyon da aka ce fasinja ya ɗauka, alhali kwaikwayon hatsarin jirgin Habasha na 2019 ne.

Wanda ya san yadda ake saita manhaja ya fi saurin kama irin wannan. A tambayi inda mai ɗaukar yake tsaye, domin kyamarar da ke bin jirgi a sama ba girgiza babu mai riƙe ta. A kwatanta lokacin shekara da ranar da aka ce abin ya faru: ciyawa kore shar a bidiyon da aka ce na Fabrairu ne a Katsina abin tuhuma ce, haka sama garau a ranar da METAR ya nuna ƙura. A duba itatuwa masu kama ɗaya, da gine-ginen da ba irin na wurin ba, da lambar da ke jikin jirgi. Bidiyon da aka dusashe da gangan shi ma alama ce. A Najeriya hukumar NSIB, wadda ta gaji AIB a 2022, ita ke da alhakin binciken hatsarin jirgi, kuma rahotonta shi ne abin kwatantawa. Mai haɗa bidiyo kuma ya rubuta cewa kwaikwayo ne a jikin hoton kansa, domin bayanin da ke ƙasa ba ya bin bidiyo zuwa WhatsApp.

Data, da tambayar taswirar wa ake zanawa

Manhajar 2024 na jawo mafi yawan abin da take nunawa ta intanet; Microsoft ya sa megabit 10 a daƙiƙa a matsayin mafi ƙaranci, 50 a matsayin wanda ya dace. A ranar fitowarta ma cunkoso ya hana mutane da yawa shiga. Ga mai sayen data da gigabayit, manhajar 2020 na da wurin iyakance data, da wurin adana yankin da ake yawan tashi a kan kwamfuta. FSX, X-Plane da FlightGear na aiki ba intanet bayan an sauke su, kuma duk gwajin zafi, hazo da maimaici da aka ambata ana iya yin sa a cikinsu.

Ingancin ƙasar da ake gani ya dogara da wanda ya shigar da bayananta. Manyan gyare-gyare shida na farko na manhajar 2020 sun tafi ne ga Japan, Amurka da ƙasashen Turai. Sauran duniya an bar wa na'ura ta yi hasashen gini daga hoto da bayanan OpenStreetMap. A wata unguwa ta Melbon an taɓa ganin bene mai hawa 212 ya tokare sama, saboda wani ɗan sa-kai ya rubuta 212 a maimakon 2. Wannan ya nuna cewa abin da mutum ɗaya ya rubuta a taswirar na isa ga miliyoyi. OpenStreetMap a buɗe take ga kowa, X-Plane kuma na karɓar zanen filayen jirgi daga masu amfani ta manhajar WorldEditor ta kyauta, ta sa waɗanda suka cika ƙa'ida a fitowa ta gaba. Kano ta ga saukar jirage tun Nuwambar 1925, Zariya na horar da matuƙa a kwalejin da aka kafa a 1964. Zana waɗannan filaye da unguwannin da ke kewaye da su daidai aiki ne da ɗalibi mai kwamfuta da ya san garinsa zai iya farawa.